Shinkafar Wanda Ke Kan Hanya

Busan,
27 ga Yuni.

Zuwa ga yayana Taesik,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya kai da maman Hojun da yara. Yaya aiki, yaya zafin Seoul? Ina fata ciwon bayan nan ya sake ka. Mu nan kowa lafiya, in ka cire Umma, kuma ita ce dalilin wannan takarda.

Tunda ka ga lambata a wayarka ka ƙi ɗagawa, sai na ce bari in koma irin ta mutanen da. Na san mutanen ƙauyen tarihin nan, inda ake nuna rayuwar lokacin yaƙi, sun riga sun kira ka sun ba ka nasu labarin. To ga nawa, kuma ka karanta har ƙarshe, kada ka ninke ka jefa a aljihun kwat kamar yadda ka saba.

Katin shigar da ka aiko mana na bikin cika shekara sittin da fara yaƙin ƙasarmu ya iso a kan lokaci. Umma ta yi ta nuna wa ƙawayenta a ɗakin hirar tsofaffi, wai ɗanta na Seoul ne ya shirya mata yawon buɗe ido na cikarta saba'in. Da na gaya mata aiki ya riƙe ka, ba za ka zo ba, ko a fuska ba ta nuna ba. Ta ce, "Babba ne a ofis, ba irin mijinki ba da ko yaushe yana gida kamar kujera." Baban Nari yana zaune yana ji, ya ce, "Na gode, Umma."

Mu huɗu muka tafi, ni da Umma da baban Nari da Nari. Gaskiya da farko abin ya yi daɗi, ba zan ɓoye ba. Sun gina bukkokin kwali da na gwangwani a gefen tudu, ga rumfar da ake ba da aron tsummokara, ga wata yarinya tana shafa wa mutane baƙin tukunya a kumatu don hoto. Baban Nari ya samu hular ƙarfe ya kifa a kan sanƙonsa, ya ƙi cirewa har muka dawo mota. Ana raba dunƙulen shinkafa da sha'ir mai gishiri, irin na lokacin gudu, kowa ɗaya, shi kuwa ya bi layi ya sake bi har mai rabon ta gane shi. Jirage na ruri a lasifika, hayaƙi na tashi, 'yan makaranta sanye da kakin soja suna faɗuwa suna mutuwa, wani ma ya mutu ya tashi ya gyara wayarsa a aljihu ya koma ya mutu. Umma ta yi dariya har da hawaye. Ta ce, "Kai, waɗannan 'yan gudun hijira sun ƙoshi! Dubi damtsen waccan. Da haka muke ai da mun tsaya mun yi yaƙin da kanmu."

Sai aka ce kowa ya taru, saura wasan ƙarshe. Aka zaunar da tsofaffi a gaba, dab da igiyar da aka gitta. Wata bukka ce mai buɗaɗɗen gaba, a ciki mace ɗaya a matsayin uwa, da ƙaramin teburin ƙasa a gabanta. A kan teburin kuwa, Yaya, kwanon tagullar Kawu Yongdal ne. Tun daga nesa na gane lotsawar murfinsa, lotsawar da ka ce za ka kai wa maƙeran garin Anseong a gyara lokacin da ka zo bikin Sabuwar Shekara. Wata da watanni Umma tana tambayata ko maƙerin ya gama, ina ce mata aikin tagulla ba ya son gaggawa. Ashe ni ma ƙaryarka nake tallatawa ban sani ba.

Umma ta damƙe hannuna ta ce, "Hyeran, wancan ba kwanon yayana ba ne?" Kafin in samu abin cewa sai mai lasifika ya karanta, da irin muryar nan ta masu labarai: wai wannan kwano na marigayi Han Yongdal ne, wanda ya rasu a hanyar gudu yana ɗan shekara sha shida, kuma ɗan ƙanwarsa Seo Taesik ne ya ba da shi kyauta.

Marigayi! Haba Yaya. A ina ya rasu? Wa ya wanke shi, wa ya binne shi? Abin da muka sani ni da kai ɗaya ne, tun muna ƙanana muke jin sa: a bakin kogi sojoji suka ware samari su ɗaukar musu kaya, har yau Umma ba ta san ko sojan wane ɓangare ba ne, shi kuma ya waiwayo ya ce wa Kaka su ci gaba, a rufe masa tasa shinkafar, yana tafe. Kaka ta rufe har ta bar duniya, ta damƙa wa Umma. Ba ranar da aka ɗora tukunya a gidanmu ba a fara cika wannan kwanon ba, a rufe shi, a tura ƙarƙashin bargo a kusurwar ɗaki, don duk inda yake kada ya ji yunwa. Kai ma ka sha zungurinsa da ƙafa cikin barci kana shan ranƙwashi. Ba sai an koya maka ba: shinkafar mai rai a rufe take. Ta matacce ce ake buɗewa a soke cokali tsaye a tsakiya.

To a gaban idon Umma, matar nan ta buɗe murfin, ta ɗauki cokali ta soke shi tsaye cak, ta ja da baya ta yi ruku'u biyu. Biyu, irin na matattu.

Ban san lokacin da Umma ta tsallake igiyar ba. Matar da sai na riƙe ta take hawa matakalar gida. Ta isa gaban teburin ta ce, "Ke 'yar nan, wa ya gaya miki ya mutu? Kin ga gawarsa?" Ta zare cokalin ta ajiye a gefe, ta lallaɓa saman shinkafar da yatsa har ramin ya ɓace, ta mayar da murfi, ta rungume kwanon a ƙirjinta.

Ka san abin da mutane suka yi? Tafi! Suka miƙe tsaye suna tafi, suna ɗaga wayoyi. Wani a bayana yana cewa, "Kai, tsohuwar nan ta iya wasa, a ina suka samo ta?" Na juya na ce masa, "A gidan ubanka suka samo ta!" Nari ta ja min riga tana cewa, "Mama, don Allah," amma ni idona ya riga ya rufe. Ita 'yar wasan ba ta da laifi, baiwar Allah, abin da aka rubuta mata ta yi, fuskarta ta yi fari fat tana ta ba da haƙuri ba ta ma san na mene ne ba.

Daga nan wani saurayi ya zo sanye da farin safar hannu, ya durƙusa cikin ladabi, wai, "Kaka, kayan tarihi ne, ba a taɓawa da hannu." Kwanon da hannun Umma ya wanke tun kafin a haifi uwarsa. Su sun zuba masa shinkafar wasa ba komai, ita ce taɓawarta za ta lalata shi. Na ɗauka za ta yi gardama, ka san bakinta. Sai ta dube shi, ta dubi masu tafin, ta sakar masa kawai. Wannan sakin ya fi komai ƙona min rai.

Haka muka koma mota. Baban Nari ya cire hular ƙarfen ya koma da gudu ya mayar musu.

Ka kira ni. In ba za ka iya jin muryata ba, ka kira uwarka. Ka gaishe da maman Hojun, ita ba ruwanta, ina zaton ma ba ta sani ba.

Ƙanwarka,
Hyeran.

Busan,
6 ga Yuli.

Zuwa ga Yaya Taesik,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyar gidanka, ina fata ruwan saman nan bai yi muku ɓarna ba. Mu nan kullum cikinsa muke, wanki ya ƙi bushewa.

Dogon saƙonka na waya ya shigo, na karanta, na sake karantawa. Da ka rubuta wannan duka da babban yatsa, ai da ka danna kira ya fi sauƙi, amma to.

Ka ce ba don suna ka yi ba. Na yarda, ko da yake sunanka na nan a kan ƙaramin allo kusa da kwanon, na gani da idona. Ka ce kai ne ka riƙe wa Umma kwali mai sunan Kawu a shekarar da ake neman 'yan'uwan da yaƙi ya raba a talabijin, kana ɗan saurayi, kuna tsaye cikin rana har ta faɗi, ba wanda ya zo, kuma tun ranar ka san ya mutu. Ka ce in ya mutu, to shekara sittin ke nan ba wanda ya taɓa shirya masa teburin abincin matattu, ba ɗa ba jika, yana can yana yawo da yunwa muna nan muna ciyar da bargo. Ka ce kai ne babban namiji, a wuyanka abin yake, kuma ka yi wa Umma maganar ba sau ɗaya ba tana tashi ta bar maka ɗakin, shi ya sa ka yi tunanin in ta ga an karrama shi a gaban jama'a zuciyarta za ta sauko.

Na ji, Yaya. Har na yi kuka a wurin maganar kwalin, don ni ban san ta zauna maka a rai haka ba. Amma garin neman gira ka soke ido. In ma za a yi wa mutum zaman makokin ɗan'uwansa, a filin wasa ake yi, tsakanin mai sayar da dankali da rumfar hoto? Kuma ka shirya abin, ka aika tsohuwa ta je ta tarar, kai kana Seoul kana fama da aiki. Wane aiki? Tsoro ne ya riƙe ka, ka faɗi gaskiya. Ka haɗa wutar ka tura ni in sha hayaƙin.

Bari in gaya maka abin da dabararka ta haifar. Tun ranar Umma ba ta sake cika kwano ba. Ka san duk watannin nan da na ƙarfe take amfani, tana ba Kawu haƙuri wai nasa yana wurin gyara. Yanzu na ƙarfen yana kife a kan kantar kicin. Da na ɗauko zan cika da kaina, ta ce, "Bar shi. An riga an soke masa cokali a gaban mutane." Kuma ka san ita ba ta taɓa kai loma baki ba sai ta zuba nasa, to nata ma ya tsaya. Ta kurɓi ruwan miya ta ture. Na yi mata kunun shinkafa, na sayo mata taliyar sanyi daga wurin matar nan 'yar arewa da take so, ta ɗanɗana ta ce ta ƙoshi. Ta daina zuwa ɗakin hirar tsofaffi, don wata a cikinsu ta nuna mata hoton abin a waya tana yaba mata. Rigunanta sun fara yi mata yawa a kafaɗa. Ina jin tsoro, Yaya, na faɗa maka ƙarara.

Shekaranjiya na koma ƙauyen tarihin. Shugabar wurin ta karɓe ni da shayi da ba da haƙuri iri-iri, ta miƙo min akwatin wainar shinkafa da katin shiga kyauta na shekara guda. Na ce mata, "Mu sake zuwa mu ga me? A sake kashe shi?" Ta ce kwano dai wanda ya bayar shi kaɗai zai iya karɓa, ƙa'ida ce. Sannan, don ƙarin gishiri a miki, wai mutane sun ji daɗin abin da ya faru ƙwarai, ko Kaka za ta yarda ta riƙa zuwa ranar Asabar tana ba baƙi labarinta? Na tashi na bar mata wainarta a kan tebur. Baban Nari ya ce ai da na taho da wainar, ita ba ta yi laifi ba, na ce ya je ya ɗauko in yana so a raba mu.

Saboda haka magana tana hannunka. Ka je ka karɓo kwanon nan ka kawo shi da ƙafarka. Ban ce ka yarda Kawu yana raye ba, ni kaina ban sani ba, kuma ban taɓa cewa na sani ba. Uwarka ce ba ta cin abinci.

Ka shafa min kan yara.

Ƙanwarka,
Hyeran.

Busan,
19 ga Yuli.

Zuwa ga Yaya,

Ina gaishe ka da kyau, tare da fatan kowa lafiya a wajenku. Maman Hojun ta kira ni ta ce kai ma ba ka cin abin kirki, ka rame. Ban ji daɗi ba, amma kuma ban ce ba ka cancanci hakan ba.

Kwano ya iso. Mai kai kaya ne ya kawo shi a kan babur, a cikin kwali, an naɗe shi da tawul ɗinka na wasan golf. Wato ka zo har nan, ka je ƙauyen tarihi ka karɓa, ka wuce ta gefen unguwarmu zuwa tashar jirgi, amma hawa matakalar gidan uwarka ya gagare ka. Namiji ɗan shekara hamsin! Na tsaya a ƙofa riƙe da kwalin ina leƙa titi kamar wawiya, ina zaton kana biye.

Da na ajiye mata, Umma ta daɗe tana kallonsa ba ta taɓa ba. Can ta ce in samo mata toka da tsumma. Ta zauna a baranda ta yi ta dirzarsa ciki da waje, musamman ciki, har na ce, "Umma, za ki huda shi." Ta ce, "Ki bar ni, hannun baƙi ya yi masa yawa." Ta shafa lotsawar murfin da yatsa ta ce gara da ba a gyara ba, in Kawu ya zo, da ita zai gane abinsa.

Da yamma ita ta wanke shinkafa da kanta. Na yi kamar ina yanka albasa ina satar kallonta. Ta cika kwanon Kawu har ya yi tozo, ta rufe. Sai kuma ta miƙa hannu kan kantar kicin ta ɗauko na ƙarfen nan, ta cika shi, ta rufe da faranti, ta tura su biyun ƙarƙashin bargo. Na ce, "Umma, wannan kuma na wa?" Ta ce, "Na yayanki." Na ce, "Yaya Taesik? Ai yana Seoul, matarsa tana dafa masa." Ta ce, "Yaron da ya zo har ƙofar gida ya kasa shiga, ai a kan hanya yake. Kawo min nawa, yunwa nake ji."

Ta ci, Yaya. Ta cinye tas, har ta ce miyar ba gishiri, ka san in ta fara kushe girkina to ta warke.

Ni dai ban huce ba, kada ka yi zaton na huce. Na gaya mata duk abin da ka rubuto, maganar kwali da maganar teburin matattu, don ina so ta san dalilinka ko da ni bai gamsar da ni ba. Ta gama tauna lomarta. Sannan ta ce in rubuta maka wannan, kuma in rubuta yadda ta faɗa, kada in ƙara nawa yaji: "Ki ce masa na san lissafin shekaru, ba a kansa aka fara iya ƙirga ba. Ranar da na tafi, ya shirya mana tebur ɗaya ni da yayana, ya buɗe kwano biyu, ya soke cokali biyu, mu ci tare. Amma muddin ina numfashi, ba mai kashe min shi, ko da kuwa wanda na haifa ne."

Ga saƙonta, ban ƙara ba ban rage ba. Yanzu ga nawa.

Ka san wa ke cin shinkafar Kawu washegari? Tun ina 'yar makaranta ni ce. Kai ana zuba maka sabuwa mai tururi don kai namiji ne, ni ana ɗumama min ta ƙarƙashin bargo, kuma ban taɓa kai ƙara ba. To yanzu ɗumame ya zama biyu, baban Nari kuwa da bai taɓa ƙin abinci ba ya ce shi ba zai ci rabon surukinsa mai rai ba. Ni ma ba zan ci ba. Jiya na zubar wa tantabaru, Umma ta gan ni ta taga, da yamma ta sake cikawa. Haka za ta yi ta yi, ka san ta, ta yi wa wani shekara sittin.

Kawu ba mu san ko yana da ƙafar zuwa ba. Kai jirgin ƙasa ɗaya ne tsakaninka da mu. Ba sai ka zo da tsaraba ba, ba sai ka shirya jawabi ba, ni ma na yi alkawarin riƙe bakina har ka gama ci. Ka zo ka ɗaga bargon nan ka ɗauki naka tun yana da ɗumi.

Ƙanwarka da ke jiran ka,
Hyeran.